Likitan Zuciyar da Ya Shugabanci Jami'armu: Shaidata a kan Farfesa Jibril Aminu

A tsakaninmu likitoci akwai maganar da ake yawan yi duk lokacin da aka ɗauke wani gwani daga ɗakin marasa lafiya aka ba shi ofis: sai a ce an yi asarar likita, an ƙara yawan masu sa hannu a takarda. Na sha jin an faɗi haka game da marigayi Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya ɗan garin Song ta Jihar Adamawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985. Ni ma likitan zuciya ne, kuma a cikin waɗannan shekaru nasa na shiga jami'ar ina ɗalibi, don haka nake ganin ya zama wajibi a kaina in faɗi abin da na sani. Ban kasance cikin makusantansa ba, ba kuma ni cikin waɗanda suka yi masa aiki a ofis. Shaidata ta mutumin da ya sha ruwan rijiyar da wani ya haƙa ce, kuma irinmu muna da yawa a asibitocin Arewa maso Gabas.

An haife ni a wani ƙauye da ke kusa da Azare, mahaifina manomi ne da ke haɗawa da sayen fatu a ranar kasuwa. Abin da ya sa min son aikin likita shi ne rasuwar yayata, wadda ita ta goye ni, ita kuma take wanke min allo. Ta haihu lafiya a ɗakin mahaifiyarmu, aka yi suna, aka ci gaba da yi mata duk abin da ake yi wa mai jego a ƙasarmu: wanka da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa a ƙwarya, da ɗumama ɗaki don kada sanyi ya shige ta. Kafin a yi arba'in ƙafafunta suka fara kumbura, har idan aka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Daga nan sai haki ya biyo baya. Ta daina iya kwanciya. Da dare sai a jingina ta da bango a tara mata matasan kai, tana tari, tana jan numfashi da ƙyar, jijiyoyin wuyanta sun fito raɗa-raɗa. Gwaggo ta ce sanyi ne ya kama ta, a ƙara zafin ruwan wanka, a ƙara kanwa a kunu. Duk wanda ke gidan ya yi abin da ya yi ne saboda ƙauna, kuma da iyakar sanin da yake da shi.

Sai da cikinta ma ya kumbura sannan mahaifina ya nemo mota aka kai ta asibiti. Likita ɗaya ne ke duba maza da mata da yara, shi ne kuma ke shiga tiyata, kuma ranar da muka je yana can yana yi wa wata mai naƙuda aiki. Da ya fito ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya ce zuciyarta ce ta gaza, ya rubuta allurar da ke sa fitsari don rage ruwan jiki. Ta ɗan samu sauƙi, sa'an nan Allah ya karɓi abarsa, ta bar jaririya. A hanyarmu ta komawa gida na tambayi mahaifiyata, na ce, “Inna, yaya zuciya za ta gaza alhali Yaya ba ta tsufa ba?” Ta ce, “Kai dai yi mata addu'a, ɗan nan. Wanda ya san amsar yana can cikin asibiti, kuma ba shi da lokacinmu.” Ba ta faɗi haka don zargi ba, don ta ga yawan mutanen da ke zaune a ƙasa suna jiransa.

Daga baya, da na shiga karatu, na tarar cutar da ta kashe yayata sananniya ce a littattafan likitanci, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. A shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson sun yi nazarinta a Zariya, inda suka danganta ta da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa, da kuma zafin wanka da na gado, wanda ke tilasta wa zuciya ƙarin aiki a lokacin da take buƙatar hutu. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokansa suka jagoranta daga Kano a 'yan shekarun nan ya faɗaɗa fahimtarmu, ya nuna talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki suna da hannu babba a lamarin. Na kawo wannan ne don a gane cewa cututtukanmu suna da fuskarsu ta gida, kuma ba za a san su ba sai an sami makarantun likitanci a cikinmu, da malamai da ɗalibai masu jin harshen mai jego da na gwaggonta.

A nan ne rayuwar Farfesa Jibril Aminu ta haɗu da tawa tun kafin in san sunansa. An haife shi a 1939, ya kammala karatun likita a Jami'ar Ibadan a 1965, a zamanin da 'yan Arewa da ke wannan makaranta ba su taka kara sun karya ba, sa'an nan ya sami digirin digirgir a Landan a 1972. Ya dawo Ibadan yana koyarwa yana kuma duba marasa lafiya a matsayin babban likita, kuma da ya ci gaba a kan wannan hanya babu abin da zai hana shi ƙare rayuwarsa cikin daraja a gefen gadon majiyyata. Amma a 1975, yana da shekara talatin da 'yan kai, aka naɗa shi Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ya riƙe wannan muƙami har 1979.

Matasan yau ba za su gane nauyin wannan kujera ba sai an tuna musu yadda ƙasar take. Kafin 1975 jami'o'i shida ne a Najeriya: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas, Benin da Ahmadu Bello ta Zariya. Duk faɗin Arewa, daga Sakkwato zuwa tafkin Chadi, Zariya ce kaɗai. A wannan shekara gwamnatin tarayya ta kafa sababbi bakwai, a Jos, Kalaba, Maiduguri, Sakkwato, Ilori, Fatakwal da Kano, wasu suka fara a matsayin kwalejoji kafin su zama cikakkun jami'o'i a 1977. Sanar da kafa jami'a abu ne mai sauƙi, amma tsara ta, da raba mata kuɗi, da tantance fannonin da za ta koyar, da nemo mata malamai, wannan aikin hukumar da yake jagoranta ne. Jami'ar Maiduguri ta tsiro ne daga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Arewa maso Gabas, ta gaji filinta da gine-ginenta a kan hanyar Bama. Bayan shekara guda yana koyarwa a Jami'ar Howard da ke birnin Washington na Amurka, sai aka ba shi shugabancin wannan jami'a a 1980, wato aka ce masa ya zo ya gina da hannunsa ɗaya daga cikin abubuwan da ya tsara a takarda.

Da na gama sakandare sakamakona na kimiyya bai kai a ba ni gurbin likitanci kai tsaye ba, domin makarantarmu ta yi shekara ba ta da malamin fiziks. Ta hanyar karatun share fage na shiga, kuma wannan ƙofa ce da dubban 'yan karkara irina suka bi. Wasu na raina ta, suna cewa rage daraja ce, amma ni na san ba a sauƙaƙa mana jarrabawar ƙarshe ba ko da maki ɗaya. Abin da aka yi mana shi ne aka ba mu damar cike giɓin da ba mu muka haddasa shi ba. Ranar da zan tafi mahaifina ya ƙulle min kuɗin fatu a tsumma, ya ce, “Na ji an ce shugaban makarantar Bafulatani ne, kuma likitan zuciya. To, ashe ɗan ƙauye ma yana kaiwa can. Ka je ka koyo abin da ya kashe 'yar'uwarka.” Ban san inda ya ji labarin ba sai daga baya ya ce a rediyo ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna tasirin samun irin wannan mutum a irin wannan kujera, domin ya sa dattijon da bai taɓa shiga aji ba ya yarda abin mai yiwuwa ne.

Mun tarar da jami'a tana kan ginuwa, ana karatu a gefe ana zuba siminti a gefe, ga zafin Maiduguri da ba a fake masa sai a inuwar darbejiya. Malamanmu sun fito daga ko'ina: 'yan Kudu, da Indiyawa, da mutanen Pakistan da Masar da Ghana, kowa da irin Turancinsa, kunnenmu kuma dole ya saba. Kafa makarantar likitanci ya fi kafa kowane fanni wahala, saboda ba allo da alli kawai take buƙata ba. Tana buƙatar ɗakin koyon sassan jikin mutum, da ɗakunan gwaje-gwaje, da ƙwararru a tiyata da haihuwa da yara da cututtukan ciki, da asibitin koyarwa, da kuma amincewar hukumar likitoci ta ƙasa, wadda idan ba ta gamsu ba takardar shaidarka ba ta da amfani. A zamaninsa ne asibitin koyarwa na Maiduguri ya fara aiki, Shugaba Shehu Shagari ya buɗe shi a 1983. Kuma an yi wannan ne a lokacin da kuɗin mai ya fara ja da baya, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu tun 1982, ga rikicin Maitatsine da ya ɓarke a Bulumkutu a watan Oktoban wannan shekara, ga fari da bushiya da suka cinye dabbobin iyayenmu, ga juyin mulkin ƙarshen 1983. Duk da haka karatunmu ya ci gaba. Na yi imani da cewa samun likita a saman jami'ar ya taimaka wajen kare wannan makaranta, domin ba sai an yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa ɗalibin likita ɗaya ke cin kuɗin da ya ninka na sauran fannoni ba.

Mu ɗalibai mun san shi da kwarjini, da kaifin harshe, da rashin haƙuri da aikin ganin dama. Ba kowa ne ya so salonsa ba, akwai masu ganin yana da tsauri, kuma ba ya ɓoye ra'ayinsa ko da zai ɓata wa mutum rai. A ganina wannan hali daga horon likitanci ya samo shi. Likitan zuciya ba ya iya jinkirta hukunci har sai kowa ya gamsu, yana tattara alamomin da ke gabansa ne ya yanke shawara, ya kuma ɗauki alhakinta. Wannan ɗabi'a tana da amfani ƙwarai wajen gina sabon wuri, ko da yake tana da tsada a inda ake buƙatar lallashi.

Ranar da na tabbatar da fannin da zan bi, a zagayen marasa lafiya ce a shekarar da muka fara shiga asibiti. An kawo wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyu daga wajen Konduga, ramammiya, ba ta iya tafiya daga gado zuwa ƙofa ba tare da ta tsaya ta huta ba. Malaminmu ya sa ta kwanta a gefenta na hagu, ya ɗora abin sauraro a ƙasan nononta a hankali ba tare da ya danna ba, ya miƙo min, ya ce in rufe ido. Da farko bugu biyu kawai na ji, sa'an nan can ƙasa na ji wani gurnani mai kauri yana biyo bayan bugu na biyu. Ya ce wannan ƙarar jini ce yana kutsawa ta ƙofar zuciya da ta ƙuntace, kuma asalin abin ciwon makogwaro ne da ta yi shekaru da suka wuce ba a ba ta fenisilin ba, garkuwar jikinta ta tashi yaƙar ƙwayar cutar ta haɗa da ƙofofin zuciyarta. Mahaifinta ya ce, “Likita, ciwon wuya ne fa kawai, har wanzami ya cire mata beli.” Maganin da zai hana wannan duka bai kai kuɗin motar da ya kawo su ba. Yanzu kuma sai dai allurar fenisilin duk wata na tsawon shekaru don kada abin ya ƙaru, da tiyatar da a lokacin ba ta cikin abin da talaka ke mafarki. Tun daga ranar na gane cewa abin da ke kashe masu ciwon zuciya a ƙasarmu shi ne rashin wanda zai gan su da wuri, a kusa da gida. Ƙwararre ɗaya, ko da ya fi kowa iyawa, ba zai iya zama a Song da Konduga da Azare a rana ɗaya ba, sai dai ya samar da waɗanda za su zauna a can.

A 1985 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗauke shi ta ba shi ministan ilimi, Farfesa Muhammad Nur Alkali ya gaje shi a jami'a. A wannan ma'aikata ne ya yi abin da har yau ake haɗa sunansa da shi, wato ilimin 'ya'yan makiyaya, wanda ya kai ga kafa hukuma ta musamman a 1989, mai hedikwata a Kaduna. An yi masa ba'a a jaridu, wasu suka ce son kai ne na ƙabila, amma duk wanda ya ga halin da dazuzzukanmu suka shiga a yau ya san cewa yaron da ke bin shanu ba tare da karatu ba al'amari ne da ya shafi kowa. Shi ne kuma ya tsaya wa shirin makarantar yara masu hazaƙa ta Suleja. Sai dai shaida ba ta cika sai an faɗi ɗaya ɓangaren. A lokacin da yake minista ne gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 1988, bayan yajin aiki kan albashi da 'yancin jami'a, a daidai lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnati, wato SAP, ya karya darajar naira. Malamai da yawa ba su yafe masa wannan ba, kuma ni ma ina ganin matakin ya cutar da jami'o'in da shi kansa ya sha wahalar ginawa, domin a shekarun ne ƙwararru suka yi ta ficewa.

Na ga wannan ficewa da idona. Bayan na kammala, na yi hidimar ƙasa, na shiga horon ƙwarewa, sai manyanmu suka fara tafiya Saudiyya ɗaya bayan ɗaya, inda albashin wata ya fi abin da mutum zai tara a shekara a nan. Ban taɓa zargin wanda ya tafi ba, kowa da nauyin da ke kansa. Ni dai na zauna, kuma na yi aiki a wani asibiti da muka daɗe ba mu da na'urar ɗaukar hoton zuciya, sai kunne da hannu da hoton ƙirji. Da shekaru suka tura, aka nemi in karɓi shugabancin sashenmu, daga baya kuma aka ƙara min da kula da horon ƙananan likitoci. Mahaifiyata, wadda a lokacin ta tsufa ƙwarai, ta ce, “To, kai ma za ka zama mai ofis ke nan? Wa zai duba masu jego?” Na ce, “Inna, waɗanda zan koyar ne za su duba su, kuma sun fi ni yawa.” Ban bar asibiti ba, har yau ina zama ranar masu ciwon zuciya, amma rabin lokacina ya koma neman gurbin horo, da rubuta takardun neman kayan aiki, da zaman kwamiti. Aiki ne marar daɗi, babu mai yi maka godiya a kansa kamar yadda majiyyaci ke yi, kuma a cikinsa ne na fahimci irin abin da Farfesa ya sadaukar. Jaririyar da yayata ta bari ni na riƙe ta, ta yi karatun ungozoma, yanzu ita ce ke auna hawan jinin masu ciki a asibitin garinmu, tana turo min duk wadda ta ga ƙafarta ta kumbura bayan haihuwa.

Sauran tarihinsa sananne ne. Ya riƙe ma'aikatar man fetur daga 1989 zuwa 1992, har ya shugabanci taron OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, ya zama jakadan Najeriya a Amurka daga 1999 zuwa 2003, sa'an nan ya wakilci Adamawa ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 2003 zuwa 2011. Masana siyasa su ne za su auna waɗannan shekaru. Abin da ni zan iya aunawa shi ne jami'ar da asibitinta. A shekarun Boko Haram, lokacin da garuruwan Borno suka watse, jami'ar ta ci gaba da aiki, in ban da rufewar ɗan lokaci a 2011, har bayan harin da aka kai masallacinta a watan Janairun 2017, kuma asibitin koyarwa shi ya karɓi waɗanda bama-bamai suka raunata, akasarin masu yi musu aiki kuwa yaran da aka horar a wurin ne. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya shiga asibitin ya lalata na'urori masu tsada, tsofaffin ɗalibai na gida da na ƙetare suka yi ta kiran juna ana neman yadda za a taimaka, domin kowannenmu yana jin wurin gidansu ne.

Farfesa Jibril Aminu ya rasu a Abuja ranar 5 ga Yunin 2025, ranar Arfa, yana da shekara 85. Labarin ya same ni ina asibiti, na tara ƙananan likitocin da ke bakin aiki na gaya musu ko wane ne shi, domin yawancinsu sunan ministan mai kawai suka sani, ba su san likitan zuciya ba ne, ba su kuma san yana da hannu a makarantar da ta horar da malamansu ba. Muka yi masa addu'a tare. Allah ya gafarta masa kurakuransa, ya karɓi kyawawan ayyukansa, ya jiƙan yayata da iyayenmu baki ɗaya.